Ƙwan Kyalla na Ƙarshe: Kundin Aikin Ƙyanƙyasa da Adana Tarihinta

4 ga Maris

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda wani aiki da na ɗaukar wa kaina yake tafiya, wato ƙoƙarin ƙyanƙyashe ƙwan da kazata Kyalla ta bari, tare da tattara duk abin da ni da mutanen gidan nan muke iya tunawa game da ita tun kafin mantuwa ta fara cin gefensa. Kyalla ta mutu shekaranjiya da asuba, tana da shekara huɗu da 'yan watanni. Jar kaza ce mai farin tabo a gefen wuya, kuma a cikin 'yan kajin da muke kiwo a bayan gida ita kaɗai ce ta maida kanta 'yar gida, har ta kai ba a yi mata kallon kazar kiwo.

Likitan dabbobin da ya duba ta ya tabbatar mini cewa ƙwai ne ya maƙale mata a hanya, ba wata cuta mai yaɗuwa ba ce. Da yammacin ranar da abin ya fara, an same ta tsaye a lungun akurki, jela a ƙasa, fuka-fukai a sake, tana yunƙuri tana haki, ta ƙi ci ta ƙi sha. An zaunar da ita cikin ruwan ɗumi, an ba ta sinadarin kalsiyam, an shafa mata mai a mafitar ƙwai, amma ƙarfinta ya ƙare kafin gari ya waye. Ƙwai ɗaya yakan ɗauki awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala haɗuwa a cikin kaza, kuma kusan awa 20 daga ciki ana yin su ne wajen gina ɓawo, wanda yake cin kimanin giram 2 na kalsiyam. Wannan sinadarin dai shi ne naman jikinta yake buƙata wajen turo ƙwan waje. Idan kaza ta manyanta ƙwanta yakan ƙara girma, ƙarfin turawa kuma yana raguwa, kuma da yake ƙwai da kashi mafita ɗaya suke bi, ƙwan da ya tsaya yana iya kashe ta cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ƙwai shida ta bari a kwando. Ban sha wahalar ware su daga na sauran ba, domin nata dogaye ne, masu ɗan duhu, da ɗige-ɗige a ɓangaren da ya fi faɗi, kuma al'adata ce in rubuta kwanan wata da fensir a jikin kowane ƙwai ranar da na ɗauke shi. Mafi daɗewa a cikinsu ya kusa kwana goma, abin da ya sa ba na sa rai da shi sosai, tun da ƙwai yakan fara rasa ƙarfin ƙyanƙyasuwa bayan mako guda a ajiye. Na jera su tsini a ƙasa a wuri mai sanyi-sanyi, ina karkata kwandon safe da yamma don kada gwaiduwa ta manne a gefe ɗaya, kuma ban wanke su ba, saboda wanki yana cire siririn rufin da ke toshe ƙofofin ɓawo daga ƙwayoyin cuta.

Ina sane da cewa ko duka shidan sun ƙyanƙyashe babu wadda za ta zama Kyalla. Abin da nake nema shi ne kada jininta ya yanke daga garken, kuma kada labarinta ya zama na baki kawai.

6 ga Maris

Yau da daddare na sa wa Baƙa, ɗaya daga cikin kajinmu, ƙwan. Kwanaki ke nan tana nuna alamun kwanci na gaske: ta lafe a gurbi dare da rana, ta fige gashin ƙirjinta domin fatarta ta riƙa taɓa ƙwai kai tsaye, kuma duk wanda ya miƙa hannu sai ta kumbura jiki ta yi masa gurnani. Na keɓe mata wani ɗan keji a gefen akurki, na share shi sarai, na duba tsagogin katako saboda ƙananan ƙwarin da ke ɓuya da rana su fito shan jini da dare, waɗanda sukan sa kaza ta gudu ta bar ƙwanta, sannan na shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Cikin duhu na ɗauke ta, domin kaji ba sa gani sosai da dare kuma ba sa tayar da hankali idan an canza musu wuri a lokacin.

Na sa wa ƙwan lamba daga 1 zuwa 6, daga mafi daɗewa zuwa sabo, na tura su ƙarƙashinta ɗaya bayan ɗaya. Ta sunkuyar da kai ta riƙa jawo kowanne da ƙasan bakinta, tana gyara zama, tana girgiza jiki hagu da dama har ta rufe su duka ba a ganin ko ɗaya.

An ba ni shawarar in nemi injin ƙyanƙyasa, amma na zaɓi kaza. Injin yana buƙatar a tsayar masa da zafi a digiri 37.5 na ma'aunin Salshiyas, a kula da danshin iskar cikinsa, a kuma riƙa juya ƙwai sau da yawa a yini, kuma ɗaukewar wuta na 'yan awoyi tana iya lalata komai. Kaza mai kwanci, wadda zafin jikinta yake wajen digiri 41, tana yin duk wannan da kanta, sannan bayan ƙyanƙyasa ta zama uwa, abin da inji ba zai taɓa zama ba. Idan aka fara ƙirga daga gobe, kwana na 21 zai faɗo ranar 27 ga wata.

10 ga Maris

Babu abin da za a yi wa ƙwai a wannan mako sai haƙuri, don haka na maida hankali ga sauran kajin, kuma abin da nake gani a wurinsu ya ƙara nuna mini matsayin da Kyalla take da shi. Ita ce shugabar kajin mata. Ita ce take fara ci, ita ce take zaɓar wurin birgima a cikin ƙasa, kuma wurin kwananta shi ne ƙarshen sanda ta sama, kusa da bango, gefen zakara. Daren farko da na biyu bayan mutuwarta babu wadda ta hau wurin. A dare na uku wata kaza da muke kira Doguwa ta hau, washegari kuma faɗa ya kaure tsakaninta da wata wake-wake da muke da ita, har sai da aka ga jini a tsoron ɗaya daga cikinsu, wato jan naman da ke saman kanta. Yanzu dai Doguwa ce a gaba, amma mulkinta na sara ne, ƙananan kaji ba sa kusantar kwanon abinci sai ta bar wurin, shi ya sa na ƙara kwano na biyu a ɗaya gefen filin.

Wani masanin dabbobi ɗan ƙasar Norwe mai suna Thorleif Schjelderup-Ebbe shi ne ya fara bayyana wannan tsari na fifiko tsakanin kaji a rubuce, a farkon shekarun 1920, bayan ya daɗe yana lura da kajin gida tun yana yaro. Ya nuna cewa kowace kaza ta san wadda take sama da ita da wadda take ƙasa da ita, wato suna gane junansu ɗaya-ɗaya, kuma idan an cire ɗaya ko an ƙaro sabuwa sai an sake zaman tsarin. Duk mai kiwon kaji ya san wannan da idonsa. Abin da nake so ya shiga kundin nan shi ne yadda Kyalla ta riƙe nata matsayin. Da wuya a ga ta sari wata. Ɗaga kai kawai take yi, ta miƙe wuya, ta kalli mai rigimar da ido ɗaya, sai a ga waccan ta sunkuya ta ja baya.

Akwai waɗanda suka ce mini, cikin kyakkyawar niyya, ai kaza ce kawai, a sayi wata. Ba na jin haushinsu, amma ban yarda da su ba. Wanda ya zauna da dabba shekara huɗu, ya san muryarta a cikin muryoyi, ita ma ta san takunsa a cikin na mutane, ya yi rashi idan ta tafi, kuma girman jikin dabbar ko arahar kuɗinta ba su rage wannan rashi da komai ba. Ba zan ce sauran kajin suna baƙin ciki irin na mutum ba, domin ban shiga zuciyarsu ba. Na dai rubuta abin da na gani, cewa wurinta ya kwana biyu babu kowa.

14 ga Maris

Kwana na 8, kuma yau na haska ƙwan. Na jira dare ya yi, na zaro su ɗaya-ɗaya daga ƙarƙashin Baƙa, na kifa ɓangaren mai faɗi a bakin tocila, na kewaye da tafin hannu don kada haske ya tsere ta gefe. Na 3 na fara dubawa. Cikinsa ya yi ja-ja, jijiyoyin jini sun bazu ta ko'ina kamar saƙar gizo, a tsakiyarsu kuma ga wani ɗan baƙin ɗigo, wanda shi ne idon ɗan tsakon, yana lilo a hankali ko da ban motsa hannuna ba. Zuciyar ɗan tsako takan fara bugawa tun a kwana na 2 zuwa na 3, amma sanin hakan daban, ganin abu mai rai yana motsi a cikin ƙwan kazar da aka binne daban. Na daɗe riƙe da shi kafin na tuna cewa yana hucewa.

Na 4 da na 5 da na 6 duk haka suke. Na 1, mafi daɗewar nan, fayau yake, haske ya ratsa shi babu komai sai inuwar gwaiduwa. Na 2 kuwa ya fara sannan ya tsaya, domin akwai jan zobe da ya kewaye cikinsa, alamar cewa ɗan tayin ya mutu da wuri, jinin ya janye ya taru a gefe. Na cire su biyun, saboda ƙwan da ya lalace yana iya fashewa a gurbi ya ɓata masu rai. Saura huɗu.

17 ga Maris

Na yi amfani da kwanakin jira na gyara tsarin ciyarwa. Abincin kaji masu ƙwai yana ɗauke da kalsiyam wajen kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari, amma buƙatar kowace kaza daban ce, musamman waɗanda suka haura shekara uku, don haka na rataye wani ƙaramin kwano na dakakken ɓawon kawa, wadda take buƙata ta ci, wadda ba ta buƙata ta wuce. Likitan ya kuma ja hankalina kan ƙiba, domin kitsen ciki yana matse hanyar ƙwai, saboda haka an rage 'yan abubuwan marmarin da yara suke watsa musu.

Wurin da aka binne Kyalla, a gefen katanga inda take yawan birgima, na ɗora masa faffaɗan dutse. Ramin ya yi zurfin da kare ko wata dabba ba za su iya tonowa ba.

22 ga Maris

Na sake haska ƙwan jiya, kwana na 15. Duk sun yi duhu ciki, sararin iskar da ke ɓangare mai faɗi ya ƙaru kamar yadda ya kamata, domin ƙwai yana rasa ruwa ta ƙofofin ɓawonsa a tsawon kwanci. Na 4 ne kaɗai bai gamsar da ni ba, jijiyoyinsa ba su fito sosai ba, amma na bar shi zuwa dubawa ta gaba. Baƙa ta rame, tsoronta ya yi fari-fari. Sau ɗaya take tashi a yini, ta ci, ta sha, ta yi kashi, ta yi 'yar birgima, ta koma kafin a cika rabin awa.

Ɓangaren tarihi ma ya yi gaba. Na tattara hotunanta daga wayoyin mutanen gida, na jera su bisa shekaru, kuma na sa kowa ya faɗi abin da ya fi tunawa. Ƙaramar 'yata ta ce, "Baba, ka rubuta cewa ita ba ta gudu idan an ɗauke ta, kuma tana rufe ido idan an sosa mata wuya." Na rubuta kamar yadda ta faɗa, domin gaskiya ce. Idan mutum ya zauna a tsakar gida da yamma, Kyalla takan zo ta tsaya a gabansa, ta karkata kai ta auna nisa, ta yi tsalle ta sauka a gwiwarsa, sai ta lafe ta fara wani ɗan gurnani can ƙasan maƙogwaro, wanda ake jinsa a tafin hannu fiye da yadda ake jinsa a kunne. Baƙo kuwa ba ta yi masa haka, daga nesa take tsayawa ta yi ta kallonsa.

Ni abin da na fi tunawa shi ne shekarar da ta yi nata kwancin. Kaji suna da kuka iri-iri har sama da 20, kuma kukan gargaɗin abin da ya taso daga sama daban yake da na abin da ya taso ta ƙasa. Wata rana shirwa ta yi ƙasa-ƙasa a kan filin, Kyalla ta saki wata doguwar ƙara siririya, 'yan tsakinta suka watse suka lafe a ƙarƙashin ganye babu mai motsi, ita kuma ta tsaya a fili, ta baza fuka-fukai da jela har ta ninka girmanta, ta ƙi gusawa sai da inuwar ta wuce. Daga cikin 'yan tsakin wancan karon babu macen da ta rage a gidan nan, abin da ya ƙara wa waɗannan ƙwai huɗu nauyi a wurina.

24 ga Maris

Kwana na 18, dubawa ta ƙarshe. Na 4 ya zama baragurbi, cikinsa yana kaɗawa idan an karkata shi, kuma ya fara wari, don haka na fitar da shi. Sauran ukun sun cika da duhu, ba a ganin komai sai sararin iska da ya karkace gefe. Daga yau ba zan sake taɓa su ba, domin a waɗannan kwanaki ne ɗan tsako yake juyawa ya kai kansa ƙarƙashin fiffikensa na dama, baki yana fuskantar sararin iska, yana kuma janye ragowar gwaiduwa zuwa cikin cikinsa. Na sauko da kwanon ruwa kusa da Baƙa, na zuba tsakuwa a ciki don kada wani ɗan tsako ya faɗa ya nutse idan sun fito.

26 ga Maris

Da daddare na durƙusa a bakin kejin na kasa kunne, sai na ji ɗan siririn kuka daga ƙarƙashin Baƙa, alhali babu ƙwan da ya fashe. Ɗan tsako yakan huda fatar ciki ya shiga sararin iska a kwana na 19 zuwa na 20, ya fara numfashi da huhunsa, kuma daga nan yake iya kuka tun yana cikin ɓawo. Baƙa tana amsa masa da wata murya ƙasa-ƙasa da ban taɓa jin ta yi ba. Ta daina tashi ko don cin abinci.

28 ga Maris

Alhamdu lillahi, duka ukun sun fito.

Na 6 ne ya fara. Jiya da safe, da Baƙa ta ɗan ɗaga jiki tana gyara zama, na hango 'yar huda a jikinsa, ɓawon ya ɗago, ƙaramin baki yana leƙowa yana buɗewa yana rufewa. A kan bakin akwai wani ɗan farin tsini mai tauri wanda da shi ɗan tsako yake fasa ɓawo, kuma yakan faɗi da kansa bayan kwana ɗaya ko biyu. Daga hudar farko zuwa fitowa ana iya ɗaukar awa 12 zuwa 24, mafi yawansu hutu ne, sannan a ƙarshe ya riƙa juyawa yana sara har ya yanke ɓawon a kewaye ya ture murfin da ƙafa. Kafin magariba na ga rabin ɓawo biyu a gefen gurbi, na 6 da na 5, waɗanda Baƙa ta turo waje.

Na 3 shi ya tsayar mini da rai. Ya huda tun jiya da yamma, amma har safiyar yau hudar ba ta ƙaru ba, kuma hannuna ya yi ta ƙaiƙayin in taimaka masa. Na hana kaina, saboda muddin jijiyoyin da ke jikin fatar ciki ba su gama janye jininsu ba, ɓare ɓawo da hannu yana iya sa ɗan tsako ya zubar da jini ya mutu, ko ya fito da gwaiduwa a waje ba ta gama shiga ba. Tun da yana numfashi yana kuka, jinkirin nasa aiki ne yake yi. Wajen azahar ya fito da kansa, jiƙe sharkaf, wuya a miƙe a ƙasa, ido a rufe, ƙirjinsa yana bugawa da sauri. Baƙa ta sa baki ta tura shi ƙarƙashin fiffike, kuma da na dawo da la'asar ya bushe ya yi laushi, yana leƙowa tare da 'yan'uwansa, sai dai ya fi su ƙanƙanta.

Biyu masu ruwan ƙasa ne da ratsin duhu a baya, ƙaramin kuma ya fi haske. Yara sun yi ta neman farin tabo a wuyansu, na gaya musu gashin tsako ba ya nuna launin da kaza za ta tashi da shi, sai an jira gashin gaske ya fito. Ban matsa musu da abinci ba a yau, domin gwaiduwar da suka janye tana riƙe su har kwana biyu ko uku, amma ruwa da abincin suna nan kusa.

6 ga Afrilu

'Yan tsakin sun haura mako guda, kuma duk suna cikin ƙoshin lafiya. Abincin 'yan tsaki nake ba su, mai furotin kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, Baƙa ma shi take ci tare da su, domin abincin kaji masu ƙwai yana da kalsiyam da ya fi ƙarfin ƙodar ɗan tsako. Yadda take koya musu ci abin kallo ne: ta ɗauki ƙwaya ta saki, ta sake ɗauka ta saki, tana wani kira gajere mai sauri, har sai sun rugo sun tsince. Idan suka ji sanyi sai su kutsa cikin gashinta, wani lokaci a ga kai ɗaya ya ɓullo ta saman fiffike.

Jiya likitan dabbobi ya ɗiga musu rigakafin cutar Newcastle a ido, aka kuma yi wa manyan nasu a lokaci guda. An fara gano wannan cuta a 1926 a tsibirin Java na ƙasar Indonesiya da kuma kusa da garin Newcastle na Ingila, inda ta samo sunanta, kuma har yau ba ta da magani idan ta kama, tana iya share garke cikin 'yan kwanaki. Bayan wahalar da aka sha kan waɗannan ukun, ba zan bar su ga sa'a ba. Ina kuma canza shimfiɗar kejin da zarar ta jiƙe, saboda ƙwayar cutar da ke sa 'yan tsaki kashin jini a danshi take yaɗuwa, kuma ta fi kama su tsakanin mako na 3 da na 6.

19 ga Afrilu

Na fara barin su su fita fili da rana, a cikin wani shinge da na rufe samansa da ragar waya. An ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, kuma Baƙa, wadda a da ba ta damu da sama ba, yanzu rabin lokacinta kai a karkace yake tana duban sararin samaniya. Gashin fiffike da na jela sun fito, na kafaɗa ya fara. Ƙaramin ya kusa kamo sauran a girma, kuma shi ne ya fi kusantar hannu idan na zauna a bakin shingen. Ina zama da su kullum da yamma, ba na kama su, ina dai barin hannuna a ƙasa da ɗan abinci, domin haka aka yi da Kyalla tun tana ƙarama, kuma sabo irin nata ba a gado shi duka a jini, sai an gina shi.

Kundin hotuna ya kammala zuwa shekararta ta uku. Na shekarar ƙarshe ne suka fi yawa, kuma su ne na fi jinkirin zaɓa.

10 ga Mayu

Mako shida ke nan da ƙyanƙyasa, kuma an fara gane jinsi. Biyun da suka fara fitowa tsoronsu ya girma ya yi ja, ƙafafunsu sun yi kauri, suna kuma yawan tsayawa ƙirji da ƙirji suna ƙure juna, alamun zakaru ke nan. Ƙaramin nan na ƙwai na 3 tsoronsa ɗan ƙarami ne mai haske, gashinsa ya rufe jiki da wuri, kuma bisa dukkan alamu mace ce. Gashinta ja ne mai ɗan duhu fiye da na uwarta. Farin tabo bai fito a wuyan kowannensu ba, sai dai kaza takan sake gashi fiye da sau ɗaya kafin ta balaga, kuma akwai launukan da ke ɓuya a 'ya'ya su bayyana a jikoki.

Samun mace ko da ɗaya ce yana da muhimmanci ga wannan aiki. A wajen tsuntsaye uwa ce take ƙayyade jinsin ɗa, ba uba ba: zakara yana ɗauke da ƙwayoyin gado na jinsi iri ɗaya guda biyu, waɗanda masana suke kira Z da Z, kaza kuma tana da Z da W. Ƙwayar W daga uwa zuwa 'ya kawai take bi, saboda haka wadda ke jikin wannan 'yar sagara ta Kyalla ce kai tsaye, kuma ita ce za ta miƙa ta ga 'ya'yanta mata.

Baƙa ta fara yaye su. Tun farkon makon nan take barinsu ta koma cikin manya, jiya ta sari ɗaya daga cikin zakarun da ya bi ta, yau kuma ta yi ƙwanta na farko tun bayan kwanci. Su ukun suna kwana a manne da juna a kan 'yar sandar da na kafa musu a keji.

Sauran aikin da ke gabana uku ne. Maimaita rigakafi yana nan bisa jadawalin da likita ya rubuta. Haɗa su da manyan kaji zai jira sai sun kusa kai su girma, kuma zan bar su suna ganin juna ta ragar waya kafin nan, saboda halin Doguwa. Mafi wuya shi ne batun zakaru, domin zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10, kuma bai kamata a bar 'yar sagarar ta hayayyafa da ubanta ko 'yan'uwanta ba. Na fara neman gidajen da za su karɓi samarin biyu su riƙe su da kyau, kuma zan nemo zakara daga wani garke kafin ta isa yin ƙwai, wanda ake sa ran zai kasance tsakanin mako na 20 da na 24, wato daga tsakiyar Agusta zuwa farkon rabin Satumba. Yara suna ta muhawara kan sunan da za a sa mata, na kuma ce musu kowane suna suka zaɓa na amince, ban da na uwarta. Rubutu na gaba zai zo bayan an haɗa su da garken.